Takabata a Pantai Dalam

Walida, Faruku, wannan babin shi na fi jinkirtawa. Na rubuta muku ƙuruciyata a Bichi ba tare da wahala ba, na rubuta aurena, amma duk lokacin da na iso shekarar da babanku ya rasu sai in ajiye biro in tashi neman wani aiki. Na san abin da kuka ji a gidan kakanninku. An ce na ɓoye ciwon babanku har ya mutu. An ce ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba na zauna gaban kwamfuta ina dariya da mutane, na ƙi kawo ku gida. Ba ku taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa tayar da maganar ba. Akwai gaskiya a cikin abin da aka faɗa, sai dai ba a faɗe shi yadda ya faru ba.

Babanku malami ne a wata kwalejin horar da malaman firamare a jiharmu. Kwalejin ta buɗe karatu daga nesa saboda mutanen da ba za su iya barin gida su zo su zauna a aji ba: malaman ƙauye, matan aure, masu aiki a ƙananan asibitoci. Rukunin farko an tara su a babban ɗakin taro, manya suka yi jawabi, aka ba kowa lambar shiga da kalmar sirri a 'yar takarda, aka sha lemo, aka watse. Kafin zango ya ƙare yawancinsu sun zame, ba wanda ya zo ya ce ga abin da ya hana shi. Wannan abu ya tsaya wa babanku a rai. Da ya samu tallafin ƙaro karatu, a kan shi ya ce zai yi bincike: yadda ake shirya ɗalibi kafin a bar shi shi kaɗai da wayarsa. Shi ya kawo mu Kuala Lumpur, muka kama haya a Pantai Dalam, a saman wani dogon bene da tagarsa ke kallon layin dogo. Ni karatuna a sakandare ya tsaya. Aikina a can shi ne girki, da kai ku makaranta, da ɗinkin hijabi da yadin da nake sayowa a kasuwar Masjid India ina sayar wa matan 'yan ƙasarmu.

Yakan hau bas ya je wata ƙaramar kwaleji a bayan gari, irin wadda Malayawa ke kira kolej komuniti, inda ake koya wa 'yan unguwa sana'a. Can ya ga suna ware mako guda ga sababbin ɗalibai ba a koyar da darasi ko ɗaya, sai yadda ake shiga, yadda ake aika aiki, da wanda za a nema idan abu ya cije. Ya sa wa nasa suna makon share fage. Da ya fara tsara shi, ni ya mayar ɗalibarsa. Sai ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa, ni ina kicin da wayata a jikin tukunyar shinkafa, ya koyar da ni ta waya kamar yana wata ƙasa. Wata rana ya yi min dogon bayani a kan yadda ake ɗaukar hoton aiki a aika. Daga baya na san da gangan ya tsallake wani wuri.

"Kin gane, Rabi?"

"Na gane, Malam."

"To aiko min."

Na tsaya ina kallon waya, miya na tafasa. Can sai ga shi ya buɗe ƙofa ya fito.

"Me ya sa kika ce kin gane?"

"To me zan ce? Tun ɗazu kake ta bayani har murya ta dashe, in ce maka wahalar banza ka sha?"

Ya zauna a ƙasan kicin ɗin ya jingina da firiji. Sannan ya ce min wannan ce ta kore masa ɗalibai, ba rashin wuta ba, ba tsadar data ba. A aji malami yana ganin fuska, idan ido ya yi fayau ya san a sake. Ta waya kuwa babu fuska, baki kawai ya rage, mu kuma tun muna yara aka horar da bakinmu kada ya kunyata babba. Ya ba ni labarin wata malamar firamare da ta yi zango guda ba ta taɓa iya shiga ba, kuma duk sanda aka kira ta aka ce yaya karatu sai ta ce lafiya lau. Daga ranar ya sauya tsarinsa. Darasin farko ya zama wannan: kowane ɗalibi ya buɗe baki ya faɗi sunansa da garinsa, sannan ya ce, "Malam, ban gane ba, a sake." Ko ya gane, sai ya faɗa, don bakin ya saba. Sauran kwanakin na neman inda sabis ya fi ƙarfi a gida ne, da zaɓar lokacin da aikin gida zai bar mutum, da haɗa kowa da abokin tafiya wanda zai neme shi idan ya ji shi shiru. Mata ya ware musu rukuninsu, murya kawai babu hoto, kuma shi da kansa ya riƙa kiran mazajensu yana neman yardarsu.

Kun mayar da maganar abin wasa a gidan. Faruku, kai idan an ce ka kwashe kwanuka sai ka ɗaga hannu ka ce, "Malam, ban gane ba, a sake." Walida kuma ki amsa daga ɗaki da Malayanci, "Tak faham, lah," wato ban gane ba, babanku ya bi ku da hula yana cewa ya haifi 'ya'yan da Hausa ta fi ƙarfinsu amma iskanci bai fi ba. Ni kaina sai da na yi kwanaki kafin kalmar ta fito min ba tare da na sunkuyar da kai ba, alhali mijina ne, kuma ƙofa ce kawai a tsakaninmu. Haka na bi makon nan daga farko zuwa ƙarshe, ya gyara, na sake bi, har na haddace shi kamar karatun allo.

A cikin wannan shekarar ya fara tsayawa a matakala. Idan lif ya lalace muka hau da ƙafa, sai ya dafa bango ya ce yana duba saƙo a waya. Da na matsa masa ya ce ƙwannafi ne, yajin abincin kantin mamak ne, irin na bakin titi, da yake sayowa a ƙunshi idan ya makara a jami'a. Na daina sa yaji a miya. Na raka shi asibitin unguwa, aka ba shi magani aka ce ya dawo. Da muka koma likitar ta tambaye shi da Turanci yaya yake ji, ya yi murmushi ya ce ya samu sauƙi. Ta rubuta abin da ya faɗa, don ba ta da dalilin ƙin yarda da babban mutum mai hankalinsa. A hanyar dawowa, muna tsaye muna jiran bas, na yi masa magana.

"Malam, kai da kake koya wa mutane su ce ba su gane ba."

"Wannan daban ne," in ji shi. "Ɗalibi malaminsa yake tambaya. Ni ƙarar wa zan kai? Ina ci, ina sha, ina tafiya da ƙafata."

"Jiya ba ka yi barci ba."

"Bari in gama makon share fagen nan tukuna. Kuma kada ki tayar wa Hajiya hankali, kin san jininta."

Hajiya kakarku ce, mahaifiyarsa. Tana zaune a Bichi a hannun Baffanku Garba, yayan babanku, wanda ya riƙe shi ya sa shi makaranta bayan rasuwar mahaifinsu. Duk Juma'a suna waya. Wani ɗalibi da ya je hutu gida ya faɗa wa Yaya Garba cewa ya ga ƙaninsa ya rame, don haka ya tambaya. Ina zaune a gefe babanku ya ce, "Da sauƙi sosai, Yaya, ɗan ƙwannafi ne." Aka miƙo min wayar muka gaisa, ya ce, "Rabi, yaya mai jikin?" Na ce, "Da sauƙi, Yaya." Wannan ita ce ɓoyewar da ake faɗa. Tun da nake ban taɓa jin an tambayi mara lafiya a ƙasarmu ya ba da wata amsa ba. Mahaifiyata ranar da za ta rasu, da na duƙa na ce Inna yaya jiki, abin da ta ce ke nan.

Ya fita wata safiya zai je ganin malamar da ke duba bincikensa. Ya sha shayi, ya ce min in ya dawo za mu sake bin darasin kwana na uku. A tashar jirgin ƙasa ya faɗi. Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Maƙwabciyarmu Kak Siti, wadda ƙofarta ke kallon tamu, ita ta riƙe ni a motar haya, tana ta magana da harshen da rabinsa kawai nake ji. 'Yan'uwanmu ɗalibai suka yi masa wanka, aka sallace shi a masallacin unguwa, aka kai shi bayan la'asar. Ƙasar maƙabartar ja ce, a jiƙe, da itatuwa masu farin fure. Lokacin da ya faɗi Bichi tana barci. Lokacin da aka samu Yaya Garba a waya bayan sallar asuba ta can, an riga an fara haƙa. Bai yi min faɗa ba a ranar. Magana ɗaya ya yi.

"Ranar Juma'a kika ce min da sauƙi."



Kwanakin farko gidan bai rabu da mutane ba. Matan 'yan ƙasarmu suna zuwa da tuwo, Malayawa maƙwabta suna zuwa da shinkafa a ganyen ayaba su zauna su yi addu'a su tafi. Kowa ya shigo ya ce yaya haƙuri, ni kuma in ce mun gode Allah. Na faɗa har na daina jin muryata. Daga gida saƙo ɗaya ne: in tattara ku mu taho, in yi takaba a ɗakin Hajiya. Ni ma abin da na ƙudura ke nan. Na fara ɗaure littattafansa a kwalaye.

Sai Malam Isyaku ya kira. Shi ne mai kula da ɗakin kwamfuta a kwalejin babanku, da shi suka yi duk shirin. Ya yi ta'aziyya, ya yi shiru, ya sake yin ta'aziyya. Na gane akwai magana a bakinsa.

"Faɗi, Malam Isyaku."

"Wallahi kunya nake ji, Maman Walida. Makon share fagen nan na Malam ne, ya matso. Shugabanni sun ce tunda babu shi a koma taron ɗaki kamar bara. Kuma sun ce idan wannan rukunin ma ya watse za a rufe abin gaba ɗaya."

"Kai ba za ka iya ba?"

"Mazan zan riƙe su, ko da rarrafe. Matan ne. Mazajensu da Malam suka yi magana, ba da ni ba, wasu har sun fara cewa a bari. Amma idan mace ce, babu wanda zai hana." Ya ɗan tsaya. "Ya sha gaya min ke ce ɗalibarsa ta farko."

Na ce masa ni ba malama ba ce. Ya ce ya sani, shi ma Malam ya ce makon ba na koyarwa ba ne. Na ce zan yi tunani. Abin da na auna shi ne wannan. A Bichi, unguwarmu takan yi kwanaki babu wuta, sabis kuma sai an fita tsakar gida an ɗaga waya sama. Ko da akwai, mai takaba a ɗakin surukarta, 'yan gaisuwa na shiga suna fita, ba ta isa ta ɗauki waya ta yi awa tana magana ba. A Pantai Dalam kuwa wuta ba ta ɗaukewa, kwamfutarsa tana kan tebur inda ya bar ta, kuma dama ba fita zan yi ba. Jami'a ta nema mana izinin zama har ku gama zangon makaranta. Na aika aka tambayar min wani malamin addini cikin ɗalibai 'yan ƙasarmu, ya ce asali ma mace tana takaba ne a gidan da mutuwar ta same ta, kuma magana da mata a kan abin amfani babu laifi. Bayan makon kuma akwai bibiya, don babanku ya tsara a riƙa neman kowace ɗaliba har zango ya yi nisa. Na kwance kwalayen da na ɗaure, na kira Yaya Garba.

"Gidan haya a ƙasar wasu shi ne gida?" in ji shi. "Rabi, ki ji tsoron Allah. Mutum ya mutu a hannunki ba mu sani ba, yanzu kuma 'ya'yansa za ki riƙe?"

"Ba riƙe su zan yi ba, Yaya. Aikinsa ne ya bari a tsakiya."

"Aikinsa ya ƙare ranar da aka binne shi. Ke matarsa ce ko magatakardarsa?"

Na ji motsi, sai muryar Hajiya, ƙasa-ƙasa.

"Rabi, kawo min su in gan su. Faruku kamanninsa ne sak."

"To, Hajiya. Da na fita takaba za mu taho, in sha Allahu."

"Allah ya kai mu."

"Amin. Yaya ƙarfin jiki, Hajiya?"

"Da sauƙi, 'yar nan."

Ranar farko, safiyarsu ta yi daidai da la'asar ɗinmu. Hadari ya haɗu kamar yadda yake yi kusan kullum a garin, ruwa ya sauko yana dukan taga har sai da na matsa kusa da kwamfutar. Ina sanye da hijabin takaba, babu kwalli, babu turare, na zauna a kujerarsa. Malam Isyaku ya shigar da matan ɗaya bayan ɗaya, ya yi sallama ya fita. Ba fuska ko ɗaya, sai baƙaƙen akwatuna da sunaye a ƙasansu, wasu ma sunan miji ne ko na ɗa, don wayar aro ce. Ina jin kukan jariri, da zakara, da wani yana sayar da ruwa a wani gari da ban sani ba. Na yi sallama, na faɗi ko ni wace ce, na yi bayanin darasin farko yadda yake yi, kalma bayan kalma. Na ce kowace ta faɗi sunanta, ta ce ban gane ba, a sake. Na ce wa za ta fara.

Babu wadda ta fara. Na sake faɗa. Na kira wani suna, aka ce, "Na'am, Malama, muna ji," aka yi shiru. Na kira wani, aka ce, "Ai mun gane, Malama, Allah ya saka." Na ce a raina Yaya ya yi gaskiya, na saɓa wa mutanen gidan mijina a kan abin da ba zan iya ba. Ina neman inda ake dannawa a kira Malam Isyaku sai wata murya ta manyanta ta shigo.

"Malama, kafin a ci gaba. Ba mu yi miki gaisuwa ba. Yaya haƙuri?"

Amsar tana bakina, na faɗe ta sau ba adadi a makonnin nan. Idona ya kai bakin ƙofa, inda silifas ɗinsa na alwala suke, ban bari kowa ya ɗauke ba.

"Mun gode Allah," na ce. "Amma ba sauƙi."

Ban shirya faɗar haka ba, kuma ban ƙara komai a kai ba. Na ji wata tana jan hanci. Sai mai muryar nan ta sake magana.

"Allah ya jiƙan Malam. Ni ce Talatu, daga Kunci, shekarata ashirin da wani abu ina koyar da 'yan aji ɗaya. Malama, ban gane ba. Ba wai na darasi nake faɗa ba, da gaske ban gane komai ba. 'Yata ce ta shigar da ni ta tafi makaranta, yanzu ko fita ban san yadda zan yi ba. In kun tashi, nan za ku bar ni har ta dawo."

Wata ta tuntsire da dariya, wata ta ce, "Baba Talatu, ai mu biyu ne, ni mijina ne ya danna min ya tafi gona." Sai ga su suna rige-rigen faɗa. Wannan ba ta san inda ake kashe murya ba, shi ya sa muke jin zakaranta. Waccan ta rubuta kalmar sirri a bangon kicin yara sun goge. Ni ma dariyar ta kufce min, ta farko tun ranar tashar jirgi, hawaye na zuba ina yi. Walida, a daidai nan kika dawo daga makaranta a jiƙe, kika buɗe ƙofa kika same ni. Kin faɗa min magana da Turanci, don kin san da Hausa ba za ta faɗu ba, kika shige ɗaki kika rufe. Ban bi ki ba, saboda mata suna jira, bayan an tashi kuma ban san ta inda zan fara ba. Cikin matan akwai wadda mijinta ɗan Bichi ne, yana tsaye a kanta yana saurare. Ta nan labarin dariyar ya isa gidan kakanninku kafin magariba.

Ba zan ce muku na yi abin kirki sosai ba. Na rikita darasin kwana na uku, wanda ba mu samu sake bi ba, sai da Malam Isyaku ya gyara washegari. Wasu matan duk da haka sun bari, ɗaya haihuwa, ɗaya mijinta ya sauya ra'ayi, wasu ban san dalili ba har yau. Amma wadda za ta bari takan kira abokiyar tafiyarta ta faɗa, ba ta ɓace kawai ba, kuma waɗanda suka tsaya sun isa a ce ba a rufe ba. Kullum bayan la'asar ina kan kujerar nan ina kiran waɗanda aka ji shiru. Idan mace ta ce min lafiya lau, sai in ce to aiko min in gani. Kak Siti takan turo ƙofa da kwano ta ce makan, wato ci, ta tsaya a kaina sai na ci. Haka takabata ta tafi, tsakanin sallaya da tebur.

Duk Juma'a ina kiran Bichi. Yaya Garba ba ya ɗauka sai ya ga dama, in ya ɗauka gaisuwa ce a taƙaice. Nakan ce yaya jikin Hajiya, ya ce da sauƙi. In na ce a ba ta, wani lokaci ya ce tana barci. Saura kaɗan in fita takaba, na riga na sayi tsarabar da za ku kai mata, man zafi da zanen atamfar Malaya mai ruwan ƙasa, aka kira aka ce Hajiya ta rasu. Ashe tun bayan rasuwar babanku ta kwanta, ba ta ƙara tashi sosai ba. Ba ta ga Faruku ba.

Wannan shi ne abin da zamana ya ci, kuma ba ni kaɗai na biya ba, har da ku, har da ita. Na sha juya shi a raina. Da an ce min Hajiya tana kwance, da a ranar na nemi jirgi, ko da za a rufe kwalejin gaba ɗaya. Ba a ce ba. Ni ma da na ce wa Yaya ƙaninsa ba ya iya hawa bene, wataƙila da ya daka masa tsawar da za ta mayar da shi asibiti, don shi kaɗai yake jin tsoro. Ban ce ba. Ban taɓa yi wa Baffanku gorin amsar da ya riƙa ba ni ba, domin na san daga inda ta fito, wuri ɗaya ne da tawa.

Da muka dawo gida ya karɓe ku hannu biyu, ya tsaya muku a karatu da aure kamar yadda ya tsaya wa babanku, wannan ku shaida ne. Ni kuwa tsawon shekarun nan in na durƙusa na gaishe shi, "lafiya" ce kawai, yana kallon wani wuri. Kwalejin ta ɗauke ni ina riƙe rukunin mata duk farkon shekara, har ƙafa ta fara ba ni matsala na miƙa wa wata cikin ɗaliban farko. Har yanzu da darasin nan ake buɗewa. Sababbin malamai ba su san wanda ya kawo shi ba, suna ɗauka haka aka saba.

Bara, da aka kwantar da Baffanku a asibiti a Kano, na je duba shi da rana, na kai masa kunun gyaɗa. Ya rame har na ga fuskar babanku a tasa. Na durƙusa daga bakin gado.

"Yaya, yaya jiki?"

"Da sauƙi," in ji matarsa, tana gyara masa matashi. "Yau ma har ya sha shayi."

Yaya ya daɗe yana kallon silin, har na ɗauka ba zai amsa ba, na fara miƙewa. Sai ya juyo ya dube ni a ido, abin da bai yi ba tun dawowarmu.

"Ba sauƙi, Rabi," in ji shi. "Kira min yaran."

Shi ya sa na fita baranda na kira ku a ranar, na ce ku bar duk abin da kuke yi ku taho. Walida, kin ce min ba jiya aka ce da sauƙi ba? Na ce ki taho kawai. Kun zo, kun same shi da ransa.